Dutsen Habude Ba Dandalin Biki Ba Ne!

'Yan uwa matasa, duk mai cewa a kai bukukuwa Dutsen Habude da Dutsen Mesa wai don jawo baƙi Birnin Kudu, ku tambaye shi: shanun nan marasa tozo da magabata suka zana a jikin duwatsun, wa zai maido su in hayaƙin janareta da gogar hannaye suka shafe su? Tun shekarun 1950 Bature Bernard Fagg ya sanar da duniya labarinsu. Ganuwar Kano ma sakaci ne ya cinye ta, ana ji ana gani. Fili bai ƙare ba daga nan har Gwaram. A kafa rumfa da lasifika can. Dutse kuwa amana ce, a je a duba a ɗauki izina. Allah Ya ganar da mu.