Ɗalibanmu da Tsoron Kontabilite

Zancenmu na wannan mako ya shafi ƴaƴanmu da ke jami'a, da wani darasi wanda da yawansu ke yi wa kallon dodo, wato kontabilite, ilimin rubuta shigar dukiya da fitarta.

Duk wanda ya ci jarrabawar BAK, ya zaɓi fannin tattalin arziki ko na tafiyar da kamfani, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a jami'ar Tawa, zai haɗu da wannan darasi tun farkon karatunsa. Kafin ya ga fuskar malami, yayyensa na makaranta sun riga sun cika masa ciki da tsoro. Wani ya ɗauka lissafi ne mai wuya, alhali galibinsa tarawa ne da ɗebewa. Wani kuma gani yake aikin akawu ne, bai kamaci mai mafarkin zama darekta ba. Saura kuwa sun haddace ne kawai domin su haye jarrabawa, da an ajiye alƙalami sai karatun ya bi iska.

Laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Sau da yawa abin da ake fara tarbar su da shi lambobi ne: 401 na masu kawo kaya, 411 na masu saye, 52 na banki, 57 na kuɗin akwati. Daga nan sai kalmomi biyu, debi da keredi. Yaro ya saba jin cewa in kuɗi suka shiga asusunsa na banki an yi masa keredi, sai ga malami yana cewa kuɗin da suka shiga akwati a debi ake rubuta su. Nan kai ke ɗaurewa. Amsar kuwa mai sauƙi ce: banki littafinsa yake rubutawa, kuma kuɗin da ka ajiye, a wurinsa bashi ne da kake bin sa. Debi gefen hagu ne na shafi, keredi gefen dama, babu na kirki babu na tsiya a cikinsu.

Da a kasuwa ake fara darasin, da tsoron ya ragu. A ce ɗan kasuwa ya ɗauko buhu 20 na albasa bashi daga Galmi, kowane buhu jika 10, jimla jika 200. Ya biya mota jika 20. A Yamai ya sayar da kayan jika 260, aka ba shi 150 a hannu, sauran 110 sai an kwana biyu. Bayan kuɗin mota, jika 130 ke aljihunsa. Amma ribarsa jika 40 ce kacal, ita ma sai in masu bashi sun cika alkawari. In ya ɗauki 130 ɗin nan ya yi buki da su, dukiyar manomin Galmi ya ci. Rarrabe kuɗin hannu da riba, da sanin wa kake bi, wa ke bin ka, shi ne zuciyar darasin shekarar farko, kuma ɗan da ya tashi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya riga ya san rabinsa.

Asalin ilimin ma daga kasuwa yake. A shekara ta 1494, Luka Facoli ya buga littafi a birnin Benis na ƙasar Italiya, inda ya tsara yadda fataken garin ke rubuta kowane ciniki sau biyu, inda dukiya ta fito da inda ta nufa. A yankinmu, tsarin bai ɗaya na SYSCOA ya fara aiki a 1998, sannan a 2018 gyararren tsarin SYSCOHADA ya kankama a ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA. Ke nan lambobin da ake koya a Yamai su ne ake aiki da su a Kotonu, Abijan da Duwala.

Raina wannan ilimi yana da tsada. Dattawa ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, bayan basussukan da aka bayar sun ƙi dawowa. Bashin da ke kan takarda ba kuɗi ne a hannu ba, kuma kontabilite ce ke koya wa mutum ya auna wanda ba zai dawo ba tun da sauran lokaci. Haka nan mun sha ganin gidan arziki ya watse bayan rasuwar maigida, domin lissafin duka a kansa yake, ya tafi da shi kabari, magada suka koma gaban alƙali. Darektan da bai iya karanta lissafin ma'aikatarsa ba kuwa, duk takardar da aka miƙo masa hannu zai sa, ranar bincike kuma shi za a fara kira.

Saboda haka muna roƙon malamai su fara da buhun albasa kafin lambar 401, kuma kada su ji kunyar warware kalma mai wuya da Hausa ko Zabarmanci. Ku kuma ɗalibai, kontabilite da hannu ake koyon ta, kamar ɗinki. Wanda ya bar makon farko ya wuce shi, zai sha wuya a na goma, gama kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Ku sami ɗan littafi, ku rubuta cinikin shagon mahaifi ko adashin mahaifiya na wata guda. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.