KIN CE BA KI DA LOKACI?

Ya ke 'yar'uwata, yau da ke nake, kuma ba zan rufe ki ba don ciwon nan ni ma na yi shi.

Maigidana ɗan kasuwa ne. Yau yana hanyar Tsafe, gobe yana Bungudu, kowa kuwa ya san yadda 'yan bindiga suka mai da hanyoyin Zamfara abin tsoro. Da ya fita daga gidanmu a Gusau sai cikina ya ɗuri ruwa, in riƙe waya ina bin labari. Tsoro ya kai ni wajen wani mai addu'ar kuɗi. Na kai cefanen kwana uku, ya yi ta ihu a kaina, na dawo gida da fargabata, ga tukunya babu komai. Littafi Mai Tsarki kuwa yana kan sif ya sha ƙura. Rijiya ta bayar, guga ya hana!

To ni dai na ce, mata, mun yi sake. Mun iya ɗinka ankon Zumuntar Mata, mun iya kwanan addu'a har murya ta dushe, amma zama shiru na minti goma muna bimbini a kan aya ɗaya ya gagare mu. Sai mu ce ai wannan na fastoci ne da sistoci. Wa ya gaya miki?

Tun 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba mu da hujjar rashin Turanci. Buɗe Markus sura ta 1, ki ga Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a. Buɗe Luka sura ta 10, ki ga Marta tana hidima tana mita, Maryamu tana zaune tana saurare, ki duba wadda aka yaba. Ko maƙwabciyarki Musulma ba ta ishe ki wa'azi ba? Tana da goyo da girki, amma asuba ba ta wuce ta.

Kin ce aiki ya yi yawa? Akwai wani bawan Allah a birnin Faris, ana ce masa Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691. Shekaru ya yi yana girki da wanke-wanke a gidan masu ibada, a nan cikin tukwane ya saba da zama gaban Ubangiji. Ashe kicin ba ya hana.

Ga yadda nake yi. Kafin in hura wuta nakan karanta aya ɗaya sau uku a hankali. Ina tsintar shinkafa ina juya ta a zuciya, ina tambaya me take ce mini yau. Daga nan in mai da ita addu'a, sai in yi shiru. Waya sai bayan wannan.

Kada wata ta ce na hana zuwa sujada ko zumunta, a'a. Amma wadda ba ta ɗebi ruwa a gida ba, da me za ta shayar da 'ya'yanta ran da labari marar daɗi ya shigo?

Hanyar Tsafe ba ta canja don ina bimbini ba, maigidana har yau yana binta. Amma na daina huce tsorona a kan yara, ina kuma samun barci. Gobe da asuba, 'yar'uwa, ki kakkaɓe ƙurar nan ki fara da Zabura ta 121.