RA'AYINMU: A Bar Linzami a Hannun Mai Karatu

A makarantar allo, ɗalibi ba ya wanke allonsa sai ya biya a gaban malam, malam ya gamsu karatun ya zauna. Wani kwana ɗaya ya ishe shi, wani sai ya shafe mako guda, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da ya tuna mana wannan tsari shi ne koken da membobinmu suka kawo a taron reshe da ya gabata, game da darussan da ake shiryawa da PowerPoint ko Google Slides, waɗanda shafukansu ke juya kansu, ko mai karatu ya gama ko bai gama ba.

Wata 'yar'uwarmu mai koyar da lissafi ta shaida mana cewa an tura mata darasi a kan kusurwoyi domin ta haska wa 'yan aji ɗaya da majigi. Kafin yara su gama kwafar zane, shafi ya wuce. Ta koma baya, ya sāke wucewa. Daga ƙarshe ta kashe na'urar ta ɗauki alli.

Sau da yawa ba da gangan ake yin haka ba. A PowerPoint, kowane shafi yana da zaɓi biyu: ya jira a latsa, ko ya wuce bayan lokacin da aka ɗibar masa. Idan mai shirya darasi ya yi gwaji da agogon manhajar ya adana, da wannan lokacin shafukan za su riƙa tafiya a hannun kowa. Idan kuwa ya mayar da darasin bidiyo domin turawa ta WhatsApp, daƙiƙa 5 manhajar ke bai wa kowane shafi, sai in ya canza. Daƙiƙa 5 ga yaron da ke harhaɗa baƙaƙe cikin harshen da ba shi ya tsotsa a nono ba! Ba a ma zancen mai raunin gani, ko wanda ke leƙen wayar mahaifiyarsa su uku a kan tabarma guda.

Masana sun daɗe da bincika wannan al'amari. A shekarar 2001, Richard Mayer da Paul Chandler sun nuna wa ɗaliban jami'a darasi mai motsi a kan yadda walƙiya ke samuwa. Waɗanda aka bar su suna latsawa da kansu kafin kowane sashe ya wuce sun fi iya amfani da abin da suka koya wajen warware sababbin tambayoyi. Haka kuma ƙa'idojin sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, na shekarar 2008, sun tanadi a bai wa mai kallo damar dakatar da abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5.

Ba mu ce juyawa da kai ba ta da gurbi ba. Hotunan ranar rabon kyaututtuka suna iya zagayawa a zaure ba mai taɓa su. Akwai ma salon jawabi na PechaKucha da aka faro a Tokiyo a 2003, shafi 20, kowanne daƙiƙa 20. Amma can mai magana ne ya ɗaure kansa da yardarsa, don kada ya cika masu sauraro da surutu.

Abin da ya fi damun mu a matsayinmu na ƙungiya ya wuce batun maɓalli. Malami ne ke duban fuskokin ɗalibai ya gane an fahimta ko an yi shiru ne kawai don kunya. Darasin da aka ƙulle wa lokaci daga wani ofis yana ƙwace masa wannan hukunci, ya mayar da shi mai gadin majigi, sannan gobe idan yara suka faɗi jarrabawa shi za a tuhuma.

Saboda haka muna kira ga masu shirya bitoci da masu raba kayan koyarwa da su riƙa miƙa mana darussa ba tare da ƙayyadadden lokaci ba. Mu ma kafin mu tura wa ɗalibai, mu cire lokacin daga kowane shafi, ko mu mayar da darasin PDF, wanda yawanci ya fi bidiyo sauƙin data ga iyaye. Shugabannin reshe za su gabatar da wannan buƙata a rubuce, kuma a taronmu na gaba duk mai kwamfuta ya zo da ita, za a nuna yadda ake cirewa.