A Yi Gwajin Jini Tun Kafin Baiko

Akwai wata al'ada a ikkilisiyoyinmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ya kamata mu gyara. Muna neman takardar gwajin jini sai ana saura mako biyu ɗaurin aure, an biya sadaki, an ɗinka anko. A lokacin nan wa zai iya cewa a fasa?

Amosanin jini, wato sikila, gado ne daga uwa da uba. Idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. A rahotonta na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya. Ƙwayoyin jinin yaron suna lanƙwashewa kamar lauje, su manne a bangon jijiyoyi, su kumbura su, su toshe hanya. Zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta saboda ƙarancin jini har ta yi girma. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, sai shanyewar ɓarin jiki, wadda ke samun kusan yaro 1 cikin 10 idan ba a yi rigakafi ba.

Mu 'yan kaɗan ne, muna yawan aure a tsakanin gidajen da suka san juna, don haka dole mu kula. Shawararmu ga dattawan ikkilisiya ita ce, kowane matashi ya san rukunin jininsa tun yana ajin baftisma, kafin zuciya ta kamu. Zumuntar mata ta tara kuɗin mota zuwa asibitin Funtuwa ko Malumfashi.

Yaran da aka riga aka haifa fa? Kada a ce maita ce, kada a ce zunubin iyaye ne. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka buga a 2022, ya nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da ɗan kaɗan ne kullum, yana rage haɗarin shanyewar jiki ga yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. Awon nan ana fara shi daga shekara 2.

Mu yi addu'a, mu kuma kai yaro asibiti. Fastoci, a sanar da wannan daga bagade ranar Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya ba mu hikima.