Kayan Yaƙin Ninja: Lauje Da Igiya Sun Fi Takobi

Masu zuwa kallon majigi sun saba ganin ninja na ƙasar Japan rufe da baƙaƙen tufafi, yana wurga taurarin ƙarfe. To, amma abin da tarihi ya nuna ya sha bamban da haka.

Ninja dai ɗan leƙen asiri ne. Sun yi tashe a ƙarni na 15 da na 16, lokacin da sarakunan yaƙin Japan ke gwabzawa, kuma cibiyarsu ita ce yankunan duwatsu na Iga da Koga. Aikinsu shiga garin abokan gaba su jiyo labari, su komo da rai. Don haka makamin da zai tona asirin mai shi ba shi da amfani a gare su.

Wani littafi mai suna Shoninki, wanda aka rubuta a 1681, ya lissafta kaya 6 da ninja ke riƙewa a tafiya: malfa, igiya mai ƙugiya don hawan ganuwa, alli na dutse, magani, ƙyalle da abin kunna wuta. Babu takobi a cikinsu. Littafin ya kuma kawo shiga iri 7 ta ɓad da kama, har da ta fatake da ta masu ibada.

Hatta makaman nasu yawanci daga kayan sana'a suka samo asali. Kunai ƙarfe ne na haƙa da huda bango. Kusarigama kuwa lauje ne da aka ɗaura wa sarƙa mai dunƙulen ƙarfe, a harɗe takobin abokin gaba kafin a sare shi. Idan aka biyo su, sai su watsa ƙayoyin da ake kira makibishi a hanya, su soke ƙafar mai takalmin ciyawa. Tauraron nan na jifa, wato shuriken, galibi don ɗauke hankalin mai gadi ake wurga shi, kuma jarumawan samurai ma sun yi amfani da shi.

A 1581 Oda Nobunaga ya afka wa Iga da runduna mai yawan gaske, ya murƙushe ta. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasu suka shiga hidimar Tokugawa Ieyasu, wanda daga baya ya mallaki Japan. Shi dai ya san yaƙi ɗan zamba ne, kuma mai kawo labari ba abin yarwa ba ne.