Gina manhaja da zane: akwai sauƙi, akwai sharaɗi

Kwanakin baya wani ɗalibina ya nuna mini manhajar intanet da ya haɗa cikin kwana uku domin tattara karin magana, alhali bai taɓa koyon harshen kwamfuta ba. Akwatuna ya zana, ya sada su da layuka, na'ura ta rubuta sauran. Dabarar tana da tarihi: a shekarar 2001 ƙungiyar OMG ta gabatar da tsarin gina manhaja daga zanen fasali, kamfanoni irin su OutSystems da Mendix kuma suka mayar da ita sana'a.

Sai dai aikin nasa ya cakuɗe, domin bai ware gurbin karin harshe ba. Sakkwatanci da Kananci suka gauraye, dole ya rushe ya sake gini.

Don haka nake kira ga jami'o'inmu da su fara koyar da fasalin kafin kayan aikin: waɗanne bayanai za a adana, mece ce dangantakarsu, wa ke da izinin ganinsu. A kuma sanar da ɗalibai cewa mai gini a dandalin kamfani ɗan haya ne. Ranar da kuɗi ya tashi, kwashe kaya sai an sha wuya. Na'ura ta rage mana rubutu, amma nauyin tunani yana nan a wuyanmu.