Ɗan koyon awo a ƙofar kanti

Wanda zai sayi jaki a kasuwa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Amma ɗan kasuwar nan da ba a cutarsa a kan jaki, shi ne zai zuba miliyoyin sefa a kan kanti ko sito don kawai an shafe bangon da fenti, mai sayarwa kuma ɗan gari ne. A Geceme, inda ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu ɗari a cikin komin ɗin, ga kuma iyakar Nijeriya kusa, ginin ajiyar kaya dukiya ne babba. Saboda haka ya kamata a san aikin saurayin nan da akan gani da igiyar awo da littafi a hammata, ɗan koyon aikin jeyometir da maigidansa ke aikowa duba gini kafin a ƙulla ciniki.

Da takarda yake farawa. Tun dokar filayen karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, daga ƙauye har departama, kuma su ke ba da shaidar mallakar gargajiya, ta saye, ta kyauta, ta aro ko ta jingina. Fegin da hukuma ta yanka kuwa yana da tasa takardar, sannan a bisa duka akwai cikakkiyar takardar mallaka mai rajista. Waɗannan ba nauyinsu ɗaya ba. Sau da yawa abin da ake miƙa wa yaron rasiɗin patanti ne, alhali patanti shaidar biyan harajin sana'a ne, bai ce ƙasar ta wane ba ce. Rumfar da ke kan filin kasuwa ma haka: mai ita yana iya sayar da kwano da ƙofa, ƙasar dai ta komin ce. Ga kuma kantin gado, wanda ɗa ɗaya ke sayarwa sauran magada suna can ci-rani ba su sani ba.

Daga nan sai iyaka. Yana neman turakun siminti na kusurwa huɗu, in suna nan, ya auna, ya gwada da abin da takarda ta faɗa. Don ya san ko kusurwa ta miƙe, sai ya auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan. In tsakaninsu bai ba da mita 5 ba, ginin ya karkace. Rabin mita ba ya cika ido, amma in ya bi bango mai tsawon mita 10 ya zama murabba'in mita 5, kuma in ta wajen hanya aka ci shi, ranar da hukuma za ta buɗe titi mai saye ne zai ga an rushe masa baranda.

Ginin kansa shi ya fi cin lokaci. Ƙasar kwarin Dallol Mawuri ruwanta ba shi da nisa, danshi kuwa yana hawan bango daga ƙasa kamar yadda mai ke hawan lagwani. Alamarsa layin duhu da farin gishiri a gindin bango, da yaɓen da ke ba da amon kwarya in an ƙwanƙwasa. Sito irin wannan ba ya riƙe siminti ko sukari ko buhun wake. Tsaga ma iri-iri ce: siririya a kan yaɓe ba ta da illa, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, tana faɗi tana tafiya, tana nuna harsashi ne ke nutsewa. Yaron zai kankare yaɓe kaɗan ya ga ko bulo ne a ciki ko tubalin laka da aka yi wa rigar siminti. Zai hau ya soki azara da ƙusa saboda gara, wadda ke cinye ciki ta bar fata. Zai rufe ƙofa da rana tsaka ya ɗaga kai: duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa zai bi. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2024, har tsohon masallacin Zinder ya faɗi, ba wanda zai ce duba inda ruwan sama ke bi a bayan gini ɓata lokaci ne.

Sai dai wahalar aikin ba a igiya take ba. Yaro ne, mai ginin kuma sa'an mahaifinsa ne. Za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo fura, a ce: “Ɗana, wannan ’yar tsagar ai ba sai ta shiga takarda ba.” Shi kuma a al'adar Arewa ba ya iya cewa dattijo ya faɗi ba daidai ba. Mai hankali a cikinsu yakan ce: “Baba, ni aike ne, abin da na gani zan kai wa maigida.” Wani lokaci ma mai saye ne ke son a ƙara kuɗin ginin a takarda don banki ya ba shi bashi mai kauri.

Abin da ’yan kasuwa da ma'aikata masu tanadin ritaya suka fi mantawa shi ne sa hannun ɗan koyo ba ya tsaya wa kowa a gaban alƙali ko banki. Nasa gani ne da aunawa da ɗaukar hoto da rubuta kwanan wata. Rahoton sai jeyometir mai izini ya duba, in da hali ya taka wurin da ƙafarsa, ya sa hannu ya buga hatimi. Ofishin da ke aika yaro shi kaɗai daga Doso ko Yamai, sannan ya buga hatimi a kan abin da bai gani ba, ya cuci mai saye, ya kuma cuci yaron, don ranar da bango ya faɗi sunansa za a fara kira.